Igiyar Gadon Habboba

Ina aji biyu a sakandaren 'yan mata a Omdurman wata likita ta zo duba mu. Ta sa muka hau bene muka sauko sau uku, sannan ta bi mu tana riƙe wuyan hannun kowa. Da ta zo kaina, haki ya hana ni gaishe ta.

"Me kike yi bayan makaranta?"

"Karatu."

"Sai me?"

"Karatu."

Aji ya kwashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce yarinyar da ba ta motsa jiki, zuciyarta ce za ta sha wahala in ta girma. Gwaggona ciwon zuciya ne ya ɗauke ta da ƙuruciyarta. Na koma gida da niyyar fara motsa jiki.

Gudu a titi ba zai yiwu ba. A layinmu budurwa ba ta gudu sai in kare ya biyo ta. Na tsayar da shawara kan tsallen igiya a bayan ɗaki. Igiyar shanyarmu kuwa ta waya ce. Sai idona ya sauka kan angareb ɗin Habboba, kakata, gadon katako mai saƙa. Wajen ƙafafu akwai doguwar igiyar da ake ja saƙar ta yi tauri. Na kwance ta, na auna da kamu har sau biyu. Aro ne, zan mayar kafin ta dawo daga barka.

A tsalle goman farko na harɗe sau shida. Can sai ƙafa da igiya suka shirya. Gyalena ya tashi, tabarau na rawa a hancina, ina ta ƙyalƙyala dariya ni kaɗai kamar ana yi mini cakulkuli. Na manta da kowa.

"Ya satir!" Muryar Habboba ce, tana neman tsarin Allah.

Na ruga tsakar gida. Habboba ta dawo, ta zauna, gado ya haɗiye ta: ƙafafu sama, takalmi ɗaya a rataye, finjalin gahawa a hannunta ko ɗigo bai zuba ba.

"Ke, 'yar littafi! Ashe kin iya ɓarna? Me kike yi da igiyata?"

Kunya ta kama ni, dariya kuma ta ƙi tsayawa. Cikin in'ina na faɗa mata maganar likita. Da na ambaci Gwaggo sai ta daina faɗa. Autarta ce.

"Ɗago ni."

Na ɗago ta, na miƙa mata igiyar. Ta ture hannuna.

"Mu a gonar auduga ta Jazira ba mu nemi igiya ba. Ku kuwa sai zama kamar tulu." Ta zauna a tabarma, ta ciro carbi. "Yi in gani. Talatin da uku."

A na goma sha tara na faɗi daɓas.

Ta mayar da 'ya'yan carbin baya. "Daga farko, ya bitti, 'yata."