Kofur Zaharaddin da Gonar Kan Dutse

Da an sallame sallar asuba, Kofur Zaharaddin zai gangara mahautar Garwa yana jan ƙafar hagu, ya taya yayansa Lukmanu fiɗa da rataye nama. Wanda ya gan shi ba zai ce sojan ƙasa ne da ya ajiye kaki a bana ba. Ba shi da lambar yabo ko ɗaya, kuma in ka nemi labarin yaƙi a wurinsa, sai ya tambaye ka tsoka kake so ko kayan ciki. To, tunda ba zai faɗa ba, bari mu faɗa masa.

Bataliyarsu tana da wata al'ada da tsofaffinta ke cewa ta faro tun zamanin rikicin Bakasi, lokacin da suke kwana cikin laka da sauro. Kowane soja ana haɗa shi da abokin kwano, su ci tare, su yi gadi tare. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ne zai kai gawarsa gida, ya kuma noma gonarsa damina guda. Zaharaddin ya samu Boris, Kirista ɗan duwatsun Mandara, mai surutu kamar rediyo.

A yaƙin Boko Haram, wajen Kolofata, motarsu ta taka nakiya. Waɗanda suka tsira sun shaida Zaharaddin ya goya Boris, shi ma da ƙarfe a cinya, yana ta yi masa faɗa kada ya yi shiru. A bayansa Boris ya cika.

Ya kai gawa, saura gona. A ƙauyen su Boris, gonar da ta shekara ba noma dangin miji ne ke rabe ta, ga matarsa Lucie da ɗansu Olivier ƙarami ba su da wata madogara. Gonakin can hawa-hawa ne, jeren duwatsu ke riƙe ƙasar, ba a sa musu laka don ruwa ya samu hanyar wucewa. Ina ɗan mahauta zai san wannan? Ya kwaɓa ƙasa ya toshe kowace kafa tas, kamar mai ginin katangar birni, yana jin daɗin aikinsa. Ruwan farko ya taru a baya, ya tafi da katanga da shuka baki ɗaya.

Jeannette, uwar Boris, ta hau da sandarta ta duba ɓarnar.

"Ɗana, in haka kuke tare maƙiya, ai da tuni sun shiga Garwa."

Dariyarta ta farko ke nan tun rasuwar. Ta zauna a kan dutse ta riƙa nuna masa da sanda, yana jerawa yana cewa, "To, Mama."

Ya ce wannan daminar ba a ƙirga ta. Ya dawo ta gaba, dawa ta yi kyau, sai ya ce ai yaron bai girma ba. Tun daga nan duk hutun da ya samu a kan dutsen nan ya ƙare.

Kofur, kai ne ka riƙe amanar mamacin da ba zai tashi ya tuhume ka ba. Kai ne mahaucin da ya koyi fartanya da furfura a kai. Wallahi muna ƙaunarka, ko da kana jin kunyar a faɗa.

Bana Olivier ya isa mutum. Dattawan ƙauye suka tsaya a bakin gonar suka ce tasa ce, babu mai taɓa ta. Da Zaharaddin ya zo sallama, Jeannette ta riƙe hannunsa.

"Baɗi kada ka zo noma, ƙafar nan ta gaji. Ka zo cin tuwo, gidanku ne."

Mutumin da bai yi kuka a Kolofata ba ya sauko dutsen yana share ido da hula.

Mun gode, Kofur, Allah ya saka da alheri. Mu kuwa da muka kwana lafiya a Garwa a waɗancan shekaru, kowa ya duba unguwarsu. Akwai matar sojan da mijinta ya faɗi, abokin kwanonsa ma bai dawo ba.