Baba Sabiru Mai Fito da Tsuntsayen Tsibiri

Da an sallame asuba, Baba Sabiru yakan saɓa gorarsa ya gangara bakin tabki, ya kwashe ruwan da ya taru cikin kwalekwale da wani tsohon ƙoƙo, ya zauna jiran masu ƙetarewa. Damina talatin da huɗu ke nan yana ƙetarar da mutane wannan tabki na gabas da Korgom, wanda idan ya cika yakan raba ƙauyuka uku da kasuwa da gidan likita.

A tsakiyar ruwan akwai ɗan tsibiri mai itatuwan bagaruwa. Duk gaggawarka, in dai ba marar lafiya aka ɗauko ba, sai Baba ya tsaya nan ya kafa gora, wai hannunsa ya huta. Mata masu tallan ƙuli su yi ta mita. Shi kuwa sai ya ɗaga yatsa.

"Ku yi kurum. Ga kirinjijiya can, ku ji feɗuwarta. Wancan mai tsaye da ƙafa guda, zalɓe ne. Tun jiya yake fakon kifi nan."

Kafin ka ankara jirgi ya yi tsit, kowa ya ɗaga kai. Balbelu sun rufe rassa fari fat, shamuwa na ciyar da 'ya'yanta, dinya ta ratsa bisa kawunan mutane har a ji iskar fukafukanta. Minti biyar, sai a ci gaba.

Madam Zubaida, ungozomar gidan likita, ta ce ranar da aka turo ta daga Tasawa kuka take cikin jirgin nan, ta ƙudura gobe za ta koma gida. Baba bai tambaye ta komi ba. A tsibiri ya nuna mata wasu gauraka biyu suna rawa, suna tsalle suna buɗe fiffike.

"Ɗiyata, dubi abin da ya tarbe ki. Ba kowa suke yi ma haka ba."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. Bana shekararta goma sha shida a wurin.

Wata damina wani dillalin itace, Lamine, ya zo da mutum huɗu da gatura, ya ce a kai su tsibiri. Baba ya dubi gaturan, ya zare gora daga ruwa.

"Lamine, akwai 'ya'ya cikin sheƙa. Ba da jirgina ba."

"Baba, tsuntsu ne fa! Ko danginka ne?"

"Maƙwabtana ne. Tun kana goye nike gaida su."

Lamine ya rantse zai kawo nasa jirgi. Baba ya taka har ƙofar mai gari, ya yi yini uku yana kai da kawowa, sai da aka yi shela cewa ba mai taɓa bagaruwar tsibiri. Dangin Lamine suka ƙaurace wa jirginsa damina guda, suna zagayawa da amalanke. Gidan Baba ya ji jiki wannan shekara, har akuyar matarsa aka sayar. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba.

Yanzu an yi gada a inda tabkin ya tsuke. Kabu-kabu na ƙetarewa kafin ka gama gaisuwa, ba mai waiwayar tsibiri. Gauraka ma shekara tara rabon da a gan su. Baba ya ce gwiwa ta ƙi, bana zai jingine gora.

Baba Sabiru, kai ne ka ƙetarar da amare da gawa da buhunan hatsi, ba ka taɓa zubar da ko yaro a ruwa ba. Kai ne ka koya wa manoma da 'yan kasuwa sunan abin da ke shawagi bisa kansu. Gora mai tsaga ruwa, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka tsufa mai sanyi.

Ku kuma masu wucewa bisa gada, wata rana ku ce wa mai kabu-kabu ya kashe inji. Ku sauka, ku nemi tsohon nan yana bakin ruwa, ku tambaye shi sunan tsuntsu guda tun yana da bakin faɗa.