Ranar Sakin Shanu

Shekara talatin Sama'ila yana sankira a garin Babban Mutum. Murya gare shi sai ka ce ganga. In ya yi shela a bakin kasuwa, matan da ke daka a bayan gari ma sai sun tsayar da taɓarya. Sai dai fa sankira ba ya faɗin tasa. Abin da aka sa masa a baki shi yake fitarwa, ya ce "an ce", ya wuce.

Shela ɗaya ce yake tsoro: ta ranar sakin shanu cikin gonaki bayan girbi. Daga can sama ake aiko da ranar a takarda, daga hannun mutanen da ba su taɓa leƙa gonar kowa ba. A shekarar da aka dawo da Shari'a damina ta makara, wake bai bushe ba, takarda kuwa ta zo. Sama'ila ya yi shela, shanu suka shiga, aka zare sanduna. Mutum uku aka kwantar a asibiti. Wallahi abin ya ci shi, har ya rame.

Bayan wasu shekaru ɗan majalisarsu, Alhaji Zakiyyu, ya zo jin ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki, wai wane iko ya kamata a sauko da shi kusa da talaka. Lasifika ta ƙi aiki, sai aka ce sankira ya riƙa maimaita maganar kowa da ƙarfi. Ya maimaita ta ɗan kasuwa, ya maimaita ta malamin makaranta. Da aka zo tashi, sai kawai aka ji muryarsa:

"An ce a bar wa mai gari da arɗo su riƙa sa ranar sakin shanu!"

Zakiyyu ya waiga. "Baba, wa ya ce?"

Kai, tsohon nan ya sha kunya! Ya dubi hagu, ya dubi dama, babu wanda zai jingina wa. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ce."

Aka fashe da dariya. Zakiyyu bai yi ba, rubutawa ya yi. Ya kai maganar majalisa, aka yi ta ja-in-ja, ta sha kwana a kwamiti har mutane suka fid da rai. A shekara ta uku aka amince.

Da kaka ta zo, mai gari da Arɗo Sada suka zaga gonaki a ƙafa, Sama'ila na biye. Suka tarar da waken Hasana, wadda mijinta ya rasu da bazara, ko rabi ba ta tsince ba. Arɗo ya ɓare kwanso ɗaya, ya duba, ya ce shanunsa za su iya haƙurin kwana bakwai.

Da la'asar Sama'ila ya tsaya a bakin kasuwa, hawayen daɗi suka cika masa ido. Sai da ya share ido da hannun riga, sannan ya faɗi ranar.