Mun Kai Kaka Yeji a Motar Tsakar Gida

Aboabo

Ba a kira assalatu ba muka fito da motar. Tura ta muka yi, ni da Yaya Awudu, tun daga tsakar gida har bakin titi, domin in ya tada ta a ciki duk layinmu zai farka. Bayan sallah ya koma ya riƙo hannun Kaka, mahaifiyar Babanmu, ya zaunar da ita a gaba. Ni na shiga baya da butarta da jakar magungunanta.

Motar ta daɗe a gidanmu, a ƙarƙashin rumfar da Baba yake tsince goro a da. Matacciya Yaya ya sayo ta. Kullum in ya taso daga shagon Baba a Alabar sai ya shige ƙarƙashinta, ni kuma ina leƙensa ta taga ina aikin makaranta. Ya cire ƙaramin turbon da ta zo da shi, ya sa babba da ya samo a Magazin, kasuwar kayan mota da ke can Suame. Turbo wani ƙarfe ne mai siffar dodon koɗi. Hayaƙin inji ke juya shi, shi kuma ya tura wa injin iska, ƙarfi ya ƙaru. Ya ɗaura wani abu kamar lagireto a gaba don sanyaya iskar, ya yi wa bututai walda da kansa, ya canja salansa da birki. Duk notin da ya kwance sai ya jera shi a tsohon faranti, bi da bi, yadda zai mayar.

Baba dai ya gaji. Yana son rumfarsa, yana kuma son Yaya ya mai da hankali a kan goro. Da labari ya zo cewa wan Kaka, Malam Abdulmumini na Yeji, ba shi da lafiya, ga gwiwoyinta ba sa jure motar haya, sai Baba ya yanke magana. Ya ce, “Kai ta Yeji ka dawo da ita. Abin da ta faɗa a kan motar nan shi za a yi. In ta yaba, rumfa taka ce, ka buɗe gareji. In ta kushe, masu sayen ƙarfe su zo su ɗauka.”

Mampong

Gari ya waye mana a Agona. Kowane ƙauye da tudun rage gudu a tsakiyar titi, motar kuwa ƙasa-ƙasa take, sai Yaya ya riƙa hawa a karkace.

“Kai mijin banza,” in ji Kaka, don haka take tsokanarsa tun yana yaro, “mota ka gina ko ƙaguwa?”

“Amarya, ki bari mu kai dutse.”

Bayan Jamasi hanya ta fara hawa, kwana bayan kwana, daji a hagu, rami a dama. Wata babbar mota mai ɗauke da siminti tana ta nishi a gabanmu. Da hanya ta miƙe, Yaya ya sauke giya ya taka. Na fara jin wani siririn fito, allurar ƙaramin agogon awon turbo da ya manna kusa da sitiyari ta tashi, sai na ji kamar an danna ni cikin kujera. Kafin in gyara mayafina mai siminti ya koma baya. Da ya ɗaga ƙafa motar ta yi “fishsh”.

Kaka ta ce, “Yarhamukillahu.” Ta saki carbinta da ta damƙe. Can kuma, ba ta dube shi ba, ta ce, “In ka sake ganin wata babbar, ka ƙara.”

Ejura

A shingen 'yan sanda kafin mu shiga gari, wani mai ƙaton ciki ya duba takardu, ya ce a buɗe gaban mota. Na ɗauka laifi yake nema. Ashe kallo kawai yake so. Ya kira abokin aikinsa da Turanci, suka sunkuya suna nuna bututai.

“Wane gareji ya yi wannan?” Hausarsa ta koyo ce, irin ta wanda ya zauna a zongo cikin Hausawa.

“A gida na yi, ofisa.”

“Ei! Hajiya, ɗanka ne?”

“Mijina ne,” in ji Kaka. Har muka yi nisa ina hango shi yana dariya.

Mun tsaya karin kumallo kusa da kasuwa, inda masara da doya suke tsibi-tsibi. Amma Yaya bai kashe mota ba. Ya zauna, hannu a cinya, inji na aiki.

“Fetur ya yi maka yawa ne?” Kaka ta tambaya.

“A'a, Kaka. Turbon ya yi zafi ƙwarai. Baƙin mai ne ke zagayawa yana sanyaya shi. In na kashe yanzu man zai tsaya a ciki ya ƙone, ya lalata shi. Dole ta ɗan huce tukuna.”

“Wato ita ma sai an yi mata fifita.” Ta taɓe baki, amma ta jira. Muka sha koko da ƙosai. Mai kokon ta ƙara wa Kaka ludayi guda, ta ce albarkacin tsufa.

Atebubu zuwa Prang

Daga Ejura daji ya yi sauƙi, bishiyoyi suka gajarta, rana ta buɗe. A Amantin na ga yara sun bar tallan gyaɗa sun bi mu da ido. Mun sha mai a Atebubu, hantsi ya ɗaga. Muna shirin tashi wayar Kaka ta yi ƙara a cikin jakar da ke hannuna. 'Yar Malam ce, tana kuka. Ta ce jiki ya tsananta tun asuba, ba ya gane mutane, an tara almajiransa manya suna karatu.

Kaka ba ta ce komai ba sai, “Awudu.” Ban taɓa jin ta kira shi da sunansa ba.

Yadda ya yi tuƙin nan ba zan manta ba. Bai yi ganganci ba. A cikin Prang ya bi a hankali kamar kowa, ya tsaya wa wata mata da akuyoyinta. Amma duk inda titi ya zama fili, fiton nan ya tashi bai sauka ba. Ina kallon idonsa a madubi: titi, agogo, titi. Ramuka yana kauce musu tun daga nesa, ko ruwan butar Kaka bai zube ba.

Yeji

Warin kifi mai ƙyafi ya tare mu tun daga bakin gari. Gidan Malam yana cikin wani lungu da mota ɗaya kawai ke iya shiga, kuma dole mu kai har ƙofa saboda gwiwar Kaka. Muna karya kwana muka gan su. An fito da Malam rumfar ƙofar gida saboda zafin ɗaki, yana kwance a kan katifa, dattawa sun kewaye shi suna karanta Yasin.

A cikin lungun ƙarar salansa ta ninka. Bango ya mayar da ita, karatu ya fara rikicewa, wani dattijo ya ɗago kai. A wajenmu ba a isowa gaban manya a zauna cikin mota, balle a kan mara lafiya ana karatu.

Na ga hannun Yaya ya kai kan makulli ya tsaya. Ya dubi agogon nan. Sannan ya murɗa, ya kashe ta.

Shiru ya sauka, karatu ya koma daidai. Ya fita, ya zagayo, ya ɗauki Kaka cak ya kai ta bakin katifa, ya durƙusa daga gefe. Ni da na tsaya kusa da motar ina jin ƙarfe yana ƙas-ƙas, da wani ƙauri kamar an manta mai a kan wuta. Kaka ma ta waiwayo sau ɗaya ta dubi motar.

Ta kama hannun wanta ta kira shi da sunan da ba wanda ya sani a wurin, sunan yarinta. Ya buɗe ido. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, “Ke ce da surutu haka?” Dattawan suka yi hamdala, wasu na dariya, wasu na share ido.

Kwana biyu muka yi. An sauke mu a ɗakin 'yar Malam, aka ba mu tuwon zafi da miyar kuka da kifin tafki wanda ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Ranar da za mu taho Malam ya sha koko da hannunsa.

Komawa

Da Yaya ya tada mota, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito ta baya. Ya tsuguna ya shinshina. Fiton nan ma ya canja, ya zama kamar kukan ƙyauren da ba a sa wa mai ba. A hankali muka taho. A Atebubu ya ƙara baƙin mai, a Ejura ya sake ƙarawa. Masu siminti suka riƙa wuce mu. Kaka ba ta tsokane shi ko sau ɗaya ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Gida

Mun shiga Aboabo bayan la'asar. Baba yana zaune a ƙofar gida, hayaƙin ya riga sallamarmu isa gare shi. Ya gaida Kaka, ya tambayi jikin Malam, sannan ya nuna bayan motar da haɓa.

“To, Hajiya, na ga amsa da idona.”

“Ba ka ga komai ba,” in ji Kaka. “Lafiya lau ta kai ni, na tarar da ɗan'uwana da rai. Motar nan ba a kashe ta da zafinta, shi ya gaya mini a Ejura. Ya kashe ta ne don kada ta katse wa kawunka Yasin. Ina zaune a gefensa, na ga hannunsa.”

Baba ya juya wajen Yaya. “Ka san za ta lalace?”

“Na sani, Baba.”

Baba ya dubi motar. Sannan ya ce, “Shigar da ita rumfarka. In za ka kwance abin nan gobe, ka jira ni in dawo daga masallaci. Ban taɓa ganin cikinsa ba.”

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da mutanen gidan Malam da suka karɓe mu kamar a nan aka haife mu. Shi kuwa Yaya ya durƙusa gaban Kaka zai yi tasa godiyar. Ya kai hannu, duk baƙin mai, zai riƙe ƙafarta, ta janye.

“Tashi ka wanke hannu,” ta ce. “Sabon zane ne.”