Nura Ya Ɗauki Hutu Don Ya Sha Wahala

Jama'a, yau na ga ikon Allah a hanyar Morai!

Ƙanen matata, Nura, ya zo daga Abuja. Wai abokansa kan je bakin teku su yi ta yawo a ƙasa, to shi ma zai taka har Morai. Takalminsa kaɗai ya kai nauyin buhun gero. Ga jaka, ga sanduna biyu kamar mai jinyar karaya.

Matata ta ce, "Malam, raka shi kar ya ɓace."

Na ajiye babur ɗina lafiyayye, na bi shi.

Ba mu yi nisa ba sai ga maƙwabcina Alhaji Mamman a mota. Ya taka birki.

"Baƙon naka ka bari yana taka ƙasa? Ku shigo."

Nura ya ce, "A'a Baba, shaƙatawa nake yi."

Alhaji ya dube ni. "In babur ɗin ka saida, hwaɗi gaskiya, mu ba baƙi ba ne."

Mutum bakwai suka tsaya, kowa da irin wannan tambaya. Mutuncina na shekara hamsin ya zube a titi.

Can wata tsohuwa mai tallan nono ta wuce mu da ƙwarya uku a ka. Ta kalli Nura, ta ce, "Wanga yaro asibiti za shi?"

Ba a jima ba gwanin ya zauna, wai ƙafarsa ta mutu. A amalanken shanu muka dawo, bisa buhunan taki.

Ina isowa na tarar maƙwabta sun zo yi mini jajen babur.

Yanzu haka babur ɗin yana ƙofar gida. Na tayar da shi, ina ta murza masa wuta, har sai unguwa ta ji.