Inna da Kwamfutar Ɗan Fari

"Inna, don Allah ki kalli nan," in ji Yaya Sadisu, yana riƙe da kwamfutarsa a tsakar gida.

Inna ta ƙara kawar da kai, ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Yaya yana shekarar ƙarshe a jami'a nan Wudil, ya haɗa manhajar da ke gane mutum ta fuskarsa. Malaminsa ya ce fuskar samari kawai ta sani, in bai koya mata ta manya ba, ba zai sa hannu a aikin ba. Yaya kuwa ɗan farin Inna ne. Ko sunansa ba ta faɗa, balle su tsaya kallon juna.

"Inna, digirina fa!"

"Ke Ummi," ta ce da ni, "tambayi wancan, a jami'ar ba a koyar da kunya ne?"

Ƙarshe ni aka miƙa wa kwamfutar in ɗauki hoton Inna, aka kori injiniyan namu zuwa zaure. Inna ta gyara ɗankwali, har da murmushi.

"Ɗauki da kyau, kar yaron nan ya faɗi."

Ashe kawar da kan uwa ba ƙi ba ne. Ku ma haka ake yi a gidanku?