Darnin da Jakuna Suka Cinye

Yayana Hamidu bai taɓa mallakar jaki nasa na kansa ba. Da wannan nake farawa duk lokacin da aka ce in ba da labarinsa, domin har yau akwai masu kiransa Sarkin Jakai suna ƙyalƙyala dariya, ni kuwa dariyar nan ƙona mini rai take yi.

Sana'arsa ɗinkin akumari, shimfiɗar nan mai kauri da ake ɗora wa jaki a gadon baya kafin a aza masa kaya. A wurin mahaifinmu ya gaje ta, da basillar da komai. Garinmu yana tsakanin Buza da Tabotaki, a kan tudu, ƙasa duk dutse, rijiya kuma tana can ƙasa cikin kwari. Gidan da babu jaki, wuyan matan gidan ne ke shan wahala. Saboda haka Yaya bai taɓa rasa aiki ba, sai dai shi ma da nasa taurin kan. Ba ya ɗinki sai an kawo masa jakin ya shafa bayansa da hannu. In ya tarar da miki, sai ya ajiye basilla ya ce, "Kai shi gida shi warke, sannan ka dawo." Mutane da yawa sun yi fushi sun tafi kasuwar Buza sun sayi wanda aka riga aka ɗinka, shi ko a jikinsa. Matarsa ta rasu da wuri, 'ya'yansa maza suka tafi cin rani bakin teku suka zauna can. Ni ma da mijina ya rasu na dawo kusa da shi, katanga ɗaya ta raba mu. Ni ke dafa masa, ni ke yi masa faɗa.

A lokacin fari na farko, na shekarun saba'in, wasu mutane da za su gudu kudu suka bar masa jakunansu. Ya ciyar da su har ruwa ya sauka, masu su suka dawo suka karɓi abinsu, suka yi ta yabonsa kasuwa-kasuwa. Wannan yabon ne ya jawo masa abin da ya biyo baya.

Da damina ta ƙi a tamanin da huɗu, hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba, kowa ya shiga neman yadda zai rabu da dabbobinsa. Saniya ana yanka ta a shanya naman, akuya ana kai ta kasuwa ko da tiyar hatsi ɗaya za a samu. Jaki fa? Ba mu cin sa, ba a layya da shi, ba a raɗa suna da shi. Sai dai a kwance masa igiya a juya baya. Masu ɗan tausayi kuwa suka tuna da Hamidu. Yau a zo da sallama a bar ɗaya, gobe mu fito mu tarar da wani ɗaure a bakin ƙofa, mai shi ko sallamar bai yi ba. Kafin sanyi ya shiga, filin da ke bayan gidanmu ya cika. Yaya ya kewaye shi da ƙaya, ya kafa wa kowanne turkensa.

Cikin masu sallama akwai Jika, Bafulatani mai noma da kiwo a gefen garinmu, wanda matarsa Dije ta daɗe tana kawo mana nono. Ya zo yana jan wata aura, wato jaka mai farin gashi, tana ɗingishi da ƙafar gaba.

"Malam Hamidu, za mu gangara kudu da 'yan shanun da sunka rage," in ji Jika. "Wagga ta yi targaɗe, ba ta iya tahiya. Ta Dije ta, da ita anka kawo ta gidana."

Yaya ya durƙusa ya tattaɓa ƙafar. "Tana warkewa. Ku tahi. In Allah ya maido ku, nan za ku iske ta."

Na harare shi, bai ko kalle ni ba. Dije ta kwance tabarmi da ƙorai daga bayan aurar, ta naɗa gammo, ta aza su a kanta. Ta ɗan tsaya ta shafa kunnen jakar, sannan ta bi mijinta.

Da suka tafi na ce, "Yaya, da mi za ka ciyar da su? Da alkawali?"

"Gari na nan, Biba," ya ce. "Kowa ya san amfanin jaki."

Haka muka shiga roƙo, mu da ba mu taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Shi ranar Juma'a bayan an sallame sai ya miƙe a ƙofar masallaci ya roƙi kara, ko ƙaiƙayi, ko tsohon rufin ɗaki. Ni kuma da safe in ɗauki tulu in bi gida-gida ina karɓar ƙasari, ruwan da aka wanke surfe da shi, da 'yar dusa in an samu. Mata, Allah ya saka musu, sun yi iya yinsu. Akwai tsohuwa Gogo, wadda ba ta da ko kaza, kullum sai na tarar ta tara mini dusa a sakaina. Maza kuwa baki ne zalla. "Madalla, Hamidu, aikin lada kaka yi." "Ka aiko gobe." Gobe in an je, maigida ya fita. Wani ma ya tambaye shi a bainar jama'a wai sadaka ga jaki tana da lada kuwa, ko sai an tambayi malamai? Ga dammunan kara a kan ɗakunansu muna gani da idonmu, su ce na awakinsu ne. Ban ce su hana awakinsu ba. Amma dami ɗaya daga kowane gida da ya kai mu nesa.

Da rani ya yi nisa dusar ma ta ɗauke, don mutane sun koma tuƙa ta suna ci. Ranar da Gogo ta ga na shigo ta yi sauri ta rufe sakainarta da zane, ban ji haushinta ba, kunya na ji, ban sake shiga gidan da tulu ba. Yaya ya koma bin kwari yana kakkaɓo 'ya'yan gawo, yana tono saiwar ciyawa. Ya farke akumaran da ya ɗinka bai sayar ba, ya zazzage ciyawar da ke cikinsu ya ba jakunan. Wasu sun mutu duk da haka. Aurar Dije kuwa, da ɗauri da gashin ruwan zafi safe da yamma, ta warke sarai, har ta fi kowanne kuzari.

Ana nan sai ga Yaro, sarkin samarin garinmu, da fara'arsa. Wai an ce wani babban baƙo zai biyo ta garinmu ya ga ayyukan taimakon kai da kai, su kuma samari sun yanke shawara za su yi wa jakunan Hamidu gayya. Na ce alhamdu lillahi, ashe ban san abin da suke nufi ba.

Ranar gayya, da ganga da guɗa, karan da aka rantse mana babu sai ga shi yana fitowa dami-dami, kowane gida na gasa da maƙwabcinsa, don maroƙi na kiran sunan wanda ya kawo. Yaya ya ga tarin, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya ce a jibge masa shi a ɗaki, zai riƙa ba su kaɗan-kaɗan har ruwa ya sauka.

"A'a, Baba," in ji Yaro. "Darni za mu yi da karan, mu shinge wurin. Baƙo shi zo shi iske ƙaya da kashin jakkai? Ai sai a yi muna dariya."

"Yaro, kara abinci na gare su. Ka taɓa ganin an yi ma mai yunwa shinge da tuwo?"

"Kwana biyu dai, Baba. In baƙo ya wuce, ka yi yadda kaka so."

Ba wanda ya saurare shi, ganga ta fi muryarsa ƙarfi. Suka janye ƙayar da ya sha wuya ya saro, suka tumɓuke turaku suka yi dirkoki da su, abin da ya rage kuma aka hura wutar dama kunun 'yan gayya da shi. Kafin la'asar darni ya tsaya tsaf, kara a jere, har da ƙofar zana. Na rantse ban taɓa ganin darni mai kyansa ba a garinmu. Jakuna na tsaye a tsakiya, babu turke, suna kallonsa suna motsa baki.

Baƙo bai zo ba. An ce motarsa ta bi wata hanya ta wuce Keita. 'Yan gayya suka watse, babu wanda ya dawo ya tambayi inda aka kwana. Yaya ya yi wa jakunan da ya iya dabaibayi, igiya ba ta isa ba. Muka yi ta korarsu daga jikin darni, ka kori wannan, wancan ya kafa haƙori. Washegari ya roƙi samari su raka shi saro ƙaya, kowa ya kawo uzurinsa. Sai ya ɗauki gatari ya tafi shi kaɗai can bayan dutse, don itacen kusa duk an sare. Ya bar ni da taɓarya.

Mace ɗaya da taɓarya ba ta tsare darni ta ko'ina. Ina gabas ina fama da wasu, na ji kara na karyewa ta yamma. Aurar Dije ce ta fara fita, ita mai ƙarfin ƙafa, sauran suka bi ta. Ba su yi wata-wata ba suka gangara kwari, suka faɗa garkar albasar wani bawan Allah, Maiguwa, wadda ita kaɗai ce kore a duk gefenmu.

Ba zan zalunci Maiguwa ba. Garkar nan da guga ya shayar da ita, da ita yake fatan riƙe gidansa har damina. Na same shi zaune a bakin rijiya, hannu a ka, ko zagi ya kasa. Abin da ya cika ni da takaici shi ne, da aka taru gaban maigari babu bakin da ya ambaci darni. Yaro na zaune a sahun gaba yana kallon ƙasa. Waɗanda aka kira sunayensu da ganga shekaranjiya su ne suka fi ɗaga murya, wai mutane na fama da yunwa, wani na kiwon jakunan da ba nasa ba.

Na miƙe daga inda mata suke na ce, "Wa ya cire ƙaya? Ku hwaɗi, wa ya cire ta?" Aka ce in zauna, ba maganar mata ba ce.

Maigari ya yanke hukunci. Akwai wani falke da ke tara jakuna yana kora su kudu, a ba shi su, abin da ya bayar a kai wa Maiguwa. Kowa ya san abin da ake yi da jaki a can inda yake kai su, ba kaya za su ɗauka ba, yanka su ake yi.

"Ranka shi daɗe, ba nawa ba na," in ji Yaya. "Amana ta. Mi za ni ce ma masu su?"

"Wanda ya bar jakinai ya tahi, ya bar shi," in ji maigari. "Mun gama."

Falken ya zo ranar kasuwa. Ya bi su yana ɗaga musu ƙafa yana dubawa, don tafiyar doguwa ce, ba ya son gurgu. Ya ware wasu guragu ya bari, su ma ba su kai damina ba. Da ya zo kan aurar ya ɗaga ƙafar gaban nan, ya matsa, ya ce lafiya lau. Na ga fuskar Yaya a lokacin. Da bai warkar mata da ɗingishin ba, da falken bai ɗauke ta ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi ya kwance igiyar wuyanta, wadda Dije ta tufka da hannunta. Ya rataye ta a cikin ɗakinsa.

Ruwa ya sauka a tamanin da biyar kamar da bakin ƙwarya. Gari ya yi kore, aiki ya tashi, babu jaki. Matan waɗanda suka fi kowa ihu gaban maigari, su na riƙa gamuwa da su a hawan kwari, tulu a ka, jijiyar wuya a waje. Ban yi musu dariya ba, ni ma nawa tulun yana kaina. Masu jakuna suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Wasu suka yi haƙuri, wasu suka ce Hamidu ya sayar ya ci. Bai taɓa kare kansa ba, ni ce mai fita ƙofa ina amsa musu har muryata ta dushe. Ya rayu shekaru bayan haka yana ɗinkinsa, yana korar masu jaki mai miki kamar dā, amma filin bayan gida bai sake kafa turke a cikinsa ba.

Jika da Dije sai lokacin kaka suka iso, a ƙasa, babu saniya ko ɗaya. Dije ta rame har sai da ta yi magana na gane ta. Tana isowa ƙofarmu ta sauke kayan kanta, tabarmin nan da ƙoran nan, ta ajiye gammo a kansu, ta miƙe wuya ta yi ajiyar zuciya, idonta na leƙen bayan gida.

Yaya ya shiga ɗaki ya daɗe. Ya fito da igiyar, ya faɗa musu komai tun daga darni, bai rage ba, bai kuma kama sunan kowa ba. Ni na so in kama, ya ɗaga mini hannu.

Jika ya jujjuya igiyar a hannunsa. "Ƙahwar ta warke?"

"Ta warke."

"To, madalla," ya ce.

Dije ta karɓi igiyar daga hannun mijinta, ta ɗaure tabarminta da ita, ta sake naɗa gammo. Ta dube ni ta ce, "Biba, kama mini." Na kama mata, muka aza kayan a kanta. Yaya na tsaye, hannuwansa a sake, har suka ɓace a gangare.